Na ɗiga wa magena maganin ciwon idon mutane, yanzu wani fari ya fito mata a baƙin ido

Uwargida daga Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar likitocin dabbobi da duk wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ina da wata mage 'yar wata 8 wadda muka ɗauko tun tana ƙarama saboda ɓerayen da suka addabi ɗakin ajiyar hatsinmu, kuma yarana sun shaƙu da ita ƙwarai. Kwana 9 da suka wuce, daidai lokacin da hazo ya sauko, ta fara atishawa, idonta na dama ya yi ja yana zubar da hawaye, da safe kuma kwantsa ta manne shi har sai na sa auduga da ruwan ɗumi na goge mata. A gidan akwai ragowar wani maganin ɗigawa da aka rubuta wa maigida bara da ya yi ciwon ido, sai na ce a raina ai ido ido ne, na riƙa ɗiga mata sau 3 a rana.

A kwana biyun farko abin ya yi kamar an yi ruwa an ɗauke, domin jan ya ragu, kumburin fatar idon ya saɓe, har ta koma wasa da yara. Amma daga kwana na huɗu ta daina buɗe idon gaba ɗaya, tana gudun haske, tana sa ƙafa tana susa. Jiya da daddare na haska tocila na buɗe idon a hankali, sai na ga tsakiyar baƙin ya yi fari-fari kamar an zuba madara a ruwa, kuma akwai wani ɗan wuri da ya loma ciki. Da na duba kwalin maganin na ga sunaye biyu, ɗaya daga ciki deksametazon ne. Shin hakiya ce ta fito mata, kuma in ci gaba da maganin ne ko in canja wani? Wata maƙwabciyata ta ce apolo ce ta ɗauka daga wajen yara, ta ba ni shawarar in sa mata kwalli.

Tambayata ta biyu a kan karen gadinmu ce, wanda shekararsa 6. Kusan wata 3 ke nan idanunsa biyu suna tara kwantsa mai kauri mai yauƙi, ruwan ɗorawa-ɗorawa, kuma idon ya dushe ba ya ƙyalli kamar da. Mai gadinmu ya sayo masa kuloramfenikol na ɗigawa har kwalba uku. Idan ana ɗigawa kwantsar takan ragu, da an daina sai ta dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Likitan dabbobi daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki dakatar da wannan maganin yanzu, kada ki ƙara ɗiga mata ko sau ɗaya, kuma ki kai ta asibitin dabbobi gobe da safe, ba jibi ba. Abin da kika siffanta, wato fari a baƙin ido tare da wurin da ya loma da runtse ido saboda zafi, ya fi kama da gyambo a tantanin gaban ido, kuma deksametazon na cikin magungunan da suka fi yi wa irin wannan gyambo lahani.

Bari in yi bayani domin masu karatu su gane dalili. Abin da muke kira baƙin ido a rufe yake da wani tantani garai-garai kamar gilashi, wanda kaurinsa a kare da mage bai kai milimita ɗaya ba. Idan saman wannan tantani ya sami ƙwarzane, ko daga farcen wata magen, ko ƙura, ko ƙwayar cuta, jiki da kansa yakan rufe wurin cikin kwana 5 zuwa 7 muddin ba a hana shi ba. Deksametazon da 'yan'uwansa irin su betametazon da furednisolon, waɗanda ake kira sitiroid, aikinsu danne kumburi ne, shi ya sa kika ga jan ya ragu nan da nan. Sai dai a daidai lokacin da suke danne kumburin suna kuma danne garkuwar idon, suna rage saurin haɗewar ciwon, suna ƙara wa wasu sinadarai masu narkar da tantanin ƙarfi. Idan aka yi rashin sa'a bakteriya irin Sudomonas ta shiga, tantanin yakan narke ya zama kamar kamu cikin kwana ɗaya ko biyu, har idon ya fashe. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin da wuya lokacin hunturu ya wuce ban ga irin wannan ba sau da dama.

A asibiti abin da za a fara yi mai sauƙi ne kuma ba shi da tsada. Akwai wata siririyar takarda mai ɗauke da rini ruwan lemo da ake kira fuloresin. Ana jiƙa ta a taɓa farin ido, a wanke, sannan a haska shuɗin haske. Lafiyayyen tantani ba ya kama rinin, amma duk inda saman ya salwanta sai ya yi kore shar. Ka'idar da ake koya wa kowane ɗalibin likitancin dabbobi ita ce ba a sa sitiroid a ido sai an yi wannan gwaji an ga babu gyambo. Idan kuma aka ga tsakiyar ramin ya ƙi kama rini alhali gefensa ya yi kore, to ramin ya kai shimfiɗa ta ƙarshe, wanda a nan magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai an yi aikin ɗinki an rufe wurin.

Game da asalin cutar, atishawa da jan ido a ƙaramar mage sun fi nuna bairos ɗin hafis (herpes) na kyanwa, ko kuma bakteriyar Kilamidiya, wani lokaci ma su haɗu. Ba apolo ba ce, domin bairos ɗin apolo na mutane ne. Sunan ma ya samo asali ne daga annobar da ta ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Hafis ɗin kyanwa shi ma ba ya kama mutane, don haka kada ki damu da yaran ta wannan fuska, illa dai su riƙa wanke hannu bayan sun taɓa ta. Abin takaicin shi ne sitiroid yana tayar da wannan bairos ya ƙara masa ƙarfi, ke nan maganin ya cuce ta ta hanya biyu. Kwalli kuwa kada ma a kusantar da shi, domin gari ne mai gurzar ciwon, kuma yawancinsa yana ɗauke da dalma.

Ƙaramin gyambo marar zurfi yakan wadatu da maganin kashe bakteriya irin kuloramfenikol ko man tetarasaikilin sau 3 zuwa 4 a rana, domin kawai a tsare wurin har ya haɗe. Amma mai zurfi irin wanda nake zargi yana buƙatar mafi ƙarfi kamar ofuloksasin ko sifurofuloksasin ko tobramaisin, kuma a farkon jinya akan ɗiga duk bayan awa 1 zuwa 2, har cikin dare. Sau da yawa mukan ɗebi jinin dabbar ko na wata lafiyayya, mu tace ruwan da ke tasowa sama bayan jinin ya daskare, mu ba mai ita ya riƙa ɗigawa, saboda wannan ruwa yana ɗauke da abubuwan da ke hana narkewar tantanin. Akan kuma ƙara aturofin domin ya saki jijiyar cikin ido da ke ɗaurewa tana jawo zafi. Yau da daddare iyakar abin da za ki yi shi ne ki goge kwantsar daga waje da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, ba tare da kin danna idon ba, ki ajiye ta a ɗaki marar haske da ƙura, kuma ki hana ta susa.

Karen kuma ina zargin bushewar ido ce, wato hawayensa ne suka ƙafe. Idan ruwan hawaye ya yi ƙaranci sai majinar da ke cikinsu ta taru ta yi kauri, bakteriya su samu wurin zama. Kuloramfenikol yana kashe bakteriyar, ruwan maganin kuma yana ɗan jiƙa idon, shi ya sa ake ganin sauƙi na ɗan lokaci. Ki tafi da shi tare da magen a auna hawayensa da takardar Schirmer, wadda ake maƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti ɗaya. Lafiyayyen kare yakan jiƙa milimita 15 zuwa 25, abin da ya gaza 10 kuwa bushewa ce. Ki kuma tambayi mai gadin ko an taɓa ba shi wani maganin sha na tsawon lokaci kafin idon ya fara.

Mai harhaɗa magunguna daga Kaduna ta amsa:

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba su lafiya. Likita ya gama magana a kan cutar, ni zan tsaya ne a kan kwalbar da ke hannunki, domin nan ne mu muke ganin ana yawan kuskure. Yawancin magungunan ido da ake sayarwa a kemis haɗi ne na maganin kashe bakteriya da sitiroid a kwalba ɗaya, kuma sunan kasuwa da ke rubuce da manyan baƙaƙe ba ya nuna haka. Sai kin duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. Duk inda kika ga an rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone, hydrocortisone ko fluorometholone, to akwai sitiroid a ciki, ko da an haɗa shi da neomycin ko gentamicin ko tobramycin. Jama'a suna son irin waɗannan haɗe-haɗe saboda suna kawar da ja cikin sauri, mai sayarwa kuma yana son abin da za a dawo a yabe shi a kai.

Abu na biyu, kwalbar da aka buɗe bara ba ta da sauran amfani ko da ranar lalacewar da ke jikin kwalin ba ta yi ba. Wannan rana ta kwalbar da ba a buɗe ba ce. Da zarar an buɗe, ka'idar da muke bi ita ce a zubar bayan kwana 28, saboda bakin kwalbar yana ɗaukar ƙwayoyin cuta, balle a ce ya taɓa idon mai ciwo. Kuloramfenikol na ɗigawa kuma yawancinsa a firji ake so a ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da ba kowane shago ke kiyayewa ba a yanayin wutarmu. Idan aka rubuta miki sabo, ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki tambayi inda aka ajiye shi.

Wajen ɗigawa, ɗigo ɗaya ya isa, domin idon ba ya iya riƙe ko ɗigo ɗayan gaba ɗaya, na biyun zuba kawai yake yi a fuska. Idan magungunan sun fi ɗaya, a bar tazarar minti 5 tsakaninsu don kada na biyu ya wanke na farko, kuma a fara da na ruwa a ƙare da mai maiƙo, saboda idan man ya riga shiga sai ya tare wa na ruwan hanya. A goge kwantsa tukuna. Mage ana naɗe ta ne a tawul ko zane a bar kai kaɗai a waje, a zo mata ta bayan kai maimakon ta gaba, a ɗan ɗaga haɓarta, sannan a saki ɗigon daga sama ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashi ba. Ruwan jinin da Likita ya ambata ba shi da sinadarin kariya ko kaɗan, don haka dole ya zauna a firji kuma a canja shi bayan 'yan kwanaki kamar yadda asibiti za su gaya miki. Ina kuma roƙonki kada tausayi ya sa ki ba ta farasitamol saboda zafin idon, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Wani dattijo mai kiwon karnukan farauta ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba likita ba ne, 'yata, amma na shafe fiye da shekara 30 ina riƙe da karnuka, kuma abin da zan ƙara shi ne ba duk ciwon ido ne yake farawa daga ido ba. Akwai shekarar da muka shiga dazukan kudu da karnuka, bayan mun dawo da makonni kaɗan biyu daga cikinsu idanunsu suka yi shuɗi-shuɗi kamar an hura hayaƙi a ciki, ga zazzaɓi, ga rama, ga kaluluwa a wuya. Na ɓata lokaci ina ɗiga musu magani har ɗaya ya mutu. Da aka ɗebi jinin na biyun aka duba, sai aka ce sammore ne daga cizon ƙudan tsando, aka yi masa allura, idon ya washe a hankali ba tare da wani dogon ɗige-ɗige ba. Haka nan ciwon da kaska ke kawowa, na ga karen da jini ya taru masa a cikin ido saboda shi. Saboda haka idan za a duba karenki, a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska, a kuma ɗebi jini.

Sai kuma gamsheƙa mai tsartuwa, wadda karnukan gadi ke yawan karo da ita da damina. Idan ta tofa wa kare dafi a ido, abin da na ga yana aiki shi ne a kama shi nan take a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta a idon, buta bayan buta, ba tare da gajiya ba, sannan a nufi asibiti. Mutanenmu sukan tauna ganye su tofa, wasu su zuba garin taba ko gishiri, kuma na ga idanun da suka mutu a haka. Domin hana susa kuwa, ni ƙaramin bokitin roba nake huda gindinsa in zura kan karen in ɗaure da abin wuyansa. Ga mage ina jin kwali mai ƙarfi ko robar da aka yanka kamar mazurari za ta yi. Likita ya gyara mini idan na yi kuskure.

Uwargida daga Kano ta dawo:

Na gode ƙwarai, Likita, da ke Malama, da kai Baba, Allah ya saka muku da alheri. Mun je asibiti da safe kamar yadda aka ce. An sa wa magen rinin, wurin ya yi kore, likitar da ta duba ta ce gyambon ya ci kusan rabin kaurin tantanin amma bai huda ba, kuma a gefensa ta nuna mini wasu siraran layuka masu rassa kamar jijiyar ganye. Ta ba mu ofuloksasin duk bayan awa 2, da ruwan jini a ƙaramar kwalba, da man aturofin, ta sa mata mazurari a wuya, ta ce mu koma bayan kwana 2. Nauyinta kilo 2 da rabi ne. Ta kuma rubuta wata ƙwayar maganin bairos mai suna famsikulobir, wadda na zaga shaguna huɗu ban samu ba. A shago na ƙarshe aka ce in karɓi asaikulobir ko balasaikulobir tunda duk aikinsu ɗaya. Ban karɓa ba sai na ji daga gare ku. Wani abin da ya tsorata ni shi ne bayan an sa mata aturofin ta yi ta dalalar da miyau na ɗan lokaci.

Karen kuma an auna hawayensa, na dama milimita 4, na hagu 7, kuma ba a ga komai a jininsa ba. Da na matsa wa mai gadin da tambaya, ya ce kafin idon ya fara karen ya yi wani miki a ƙafa, sai ya riƙa ba shi wata farar ƙwaya ta mutane kullum har kusan wata guda, kuma da ya kawo ragowar sai aka ga kotirimoksazol ce. An rubuta masa man saikulosiforin da hawayen roba. Shin wannan magani na ɗan lokaci ne ko na har abada, ganin tsadarsa?

Likitan dabbobi daga Zariya ya sake amsawa:

Madalla, Hajiya, kin kyauta da ba ki karɓi canjin ba. A wajen mutane waɗannan magunguna uku dangin juna ne, amma jikin mage ba ya sarrafa su iri ɗaya. Asaikulobir ba shi da ƙarfi sosai a kan hafis ɗin kyanwa kuma yana iya taɓa ɓargo, balasaikulobir kuwa guba ne gare ta, yana lalata ɓargo da hanta da ƙoda har ya kai ga mutuwa. Famsikulobir shi ne wanda aka tabbatar mage tana jurewa, kuma adadin da binciken Jami'ar California da ke Davis ya kai ga shi shi ne miligiram 90 ga kowane kilo sau 2 a rana, wanda zai yi wa mai sayar da magani kama da kuskure saboda yawansa, amma dalilin shi ne jikin mage ba ya iya juya shi da kyau zuwa sinadarin da ke yin aikin. Idan ya gagara samuwa, ki koma wa likitar ta duba ko za a sami na sawa a ido, kamar gansikulobir mai kauri. Layukan nan masu rassa da aka nuna miki kusan sa hannun hafis ne, ba a cika ganinsu a wata cuta ba. Ki kuma sani cewa kusan kashi 80 cikin 100 na magen da suka kamu suna riƙe bairos ɗin a jijiya har ƙarshen rayuwarsu, yakan taso idan sun shiga wahala kamar haihuwa, ko sauyin gida, ko aka ba su sitiroid. Saboda haka duk likitan da zai duba ta nan gaba a sanar da shi wannan tarihi.

Dalalar miyau ba guba ba ce. Aturofin yana da ɗaci ƙwarai, kuma akwai 'yar hanyar da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci da baki. Mage ta ɗanɗana shi ne kawai, shi ya sa ma aka ba ki na mai maimakon na ruwa. Amma kada wannan man ya kusanci idon karen, domin aturofin yana ƙara busar da hawaye, haka kuma haramun ne ga idon da ke da hawan jinin ido, wato hauhawar matsin ruwan cikin ido. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ƙin a riƙa musayar magani tsakanin dabbobin gida: jan ido iri ɗaya ne a gani, amma kumburin cikin ido yana son a buɗe ɗan ido, wato 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, da aturofin, hawan jinin ido kuma yana son dozolamaid ko timolol, ko latanofuros wanda ke matse ɗan idon kare amma ba ya yi wa mage wani aikin kirki. Ba a rarrabe su sai da na'urar auna matsin ido, wanda a lafiyayyen kare ba ya wuce 25 a ma'aunin na'urar.

Idan likitar ta ga alamar Kilamidiya ta ƙara doksisaikilin, adadinsa miligiram 10 ne ga kowane kilo sau ɗaya a rana na mako 4, ke nan magenki miligiram 25 take buƙata, alhali kafson mutane 100 ne. A bi shi da ruwa ko ɗan abinci kowane lokaci, domin idan ya maƙale a maƙogwaron mage yana ƙona wurin har ya tsuke. Enrofuloksasin, maganin kashe bakteriya da ake yawan samu a shagunan maganin kaji, shi ma a yi hattara da shi, saboda idan ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana yana iya makantar da mage makanta ta dindindin.

Game da karen, kotirimoksazol, wanda aka fi sani da Septrin, yana cikin magungunan salfa da aka daɗe da sanin suna lalata ƙullin da ke samar da hawaye a kare. Wani karen yakan farfaɗo bayan an daina ba shi, wani kuma lahanin ya zauna, kuma wata guda ba ƙaramin lokaci ba ne. A shekarunsa ma yana iya yiwuwa garkuwar jikinsa ce ke kai wa ƙullin hari, wanda shi ne sanadin da ya fi yawa. Amfanin saikulosiforin wajen dawo da hawaye a wannan cuta likitar dabbobi Renee Kaswan ce ta gano shi a Jami'ar Georgia ta Amurka cikin shekarun 1980, daga baya ma aka yi na mutane. Ana sa shi sau 2 a rana, kuma kada ki yanke hukunci kafin mako 6 zuwa 8, lokacin da za a sake aunawa. Tunda ma'auninsa 4 da 7 ne, ba sifiri ba, akwai kyakkyawan fata. Idan hawayen suka dawo daidai, likita na iya gwada ragewa a hankali yana aunawa. Idan suka sake faɗuwa, to maganin na tsawon rai ne. Inda man ya yi tsada ko ya yi wuyar samu, akan haɗa na kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a man masara ko man zaitun, amma wannan aikin mai harhaɗa magunguna ne, ba na gida ba.

Baba bai yi kuskure ba a kan sammore da gamsheƙa. Abin da zan ƙara kawai shi ne allurar sammore, wato diminazin, tazarar da ke tsakanin adadin warkarwa da na kisa a kare ƙanƙanuwa ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa idan aka zarce ko aka maimaita ta kusa-kusa, don haka ba a auna wa kare ita da idon da ake auna wa saniya. Bayan wankin dafin maciji kuma a yi gwajin rini, domin dafin yakan bar gyambo, kuma nan ma ba a sa sitiroid. Hajiya, idan kafin kwana 2 ɗin nan kika ga farin yana faɗaɗa, ko tantanin ya yi laushi yana zazzagowa, ko wani ɗan ƙullutu baƙi ya ɓullo a tsakiyar ramin, kada ki jira ranar komawa, ki ɗauke ta a wannan sa'ar, kuma ki riƙe ta ta ƙirji ba ta wuya ba don kada matsi ya hau idon.